Sabu Dastagir: Yaron Giwa da masana'antar fim ta hana girma

A ranar 2 ga watan Disamban 1963, ciwon zuciya ya yi ajalin wani magidanci mai shekara 39 a unguwar Chatsworth da ke birnin Los Angeles na ƙasar Amurka. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu, ya bar lambar yabo ta jarumtaka da ya samo a fagen Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma bar fina-finai fiye da 20. Duk da haka, laƙabin da duniya ta riƙa kiransa da shi har ya koma ga Mahaliccinsa shi ne Yaron Giwa, sunan fim ɗinsa na farko da ya fito lokacin yana ɗan shekara 13.

Sabu shi ne Ba'indiye na farko da ya zama tauraro a fina-finan Ingila da Amurka. Akwai zamanin da sunansa kaɗai ya isa ya cika gidan silima a Landan ko New York. Amma tarihinsa na ɗauke da wata tambaya da har yau ake tafka muhawara a kanta, wato irin matsayin da masana'antar fim ta Turawa ke ba wanda ba Bature ba, musamman a fina-finan kasada da barkwanci waɗanda suka jingina labarinsu ga ƙasashen Gabas. An buɗe wa Sabu ƙofa yana yaro, ya shiga ya yi suna. Da ya zama babban mutum sai ya tarar babu gurbin da aka tanadar masa face na yaron nan da aka saba gani.

Daga bargar Maharaja zuwa Landan

An haifi Sabu ranar 27 ga watan Janairun 1924 a Karapur da ke masarautar Mysore, wadda a yau take cikin jihar Karnataka a kudancin Indiya. A lokacin Indiya na ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Ya fito daga gidan Musulmi, kuma mahaifinsa mai kula da giwaye ne. Ya zama maraya tun yana ƙarami, ya tashi a bargar giwayen Maharajan Mysore, inda ya koyi hawan giwa da yi mata wanka da ba ta umarni tun kafin ya san karatu.

A 1935 tawagar Robert Flaherty ta isa Mysore. Flaherty Ba'amurke ne da ya yi suna da fim ɗin Nanook of the North na 1922, wanda ya nuna rayuwar mutanen yankin ƙanƙara na arewacin Kanada. Wanda ya tura shi shi ne Alexander Korda, haifaffen ƙasar Hangari kuma mai kamfanin London Films, domin ya mayar da wani gajeren labari na Rudyard Kipling zuwa fim. Labarin na wani yaro ne mai suna Toomai da giwarsa Kala Nag. Mai ɗaukar hoton tawagar, Osmond Borradaile, shi ne ya ci karo da Sabu, kuma sakewar da yaron ke yi a tsakiyar giwaye ta sa aka ba shi aikin.

Flaherty ya shafe sama da shekara guda yana ɗaukar hotuna masu ƙayatarwa, amma labarin ya ƙi haɗuwa. Korda ya kira tawagar ta koma Ingila, ya ɗora wa ƙanensa Zoltan Korda nauyin kammala aikin a situdiyon Denham. Haka Sabu ya tsallaka teku tare da yayansa Shaik Dastagir. Daga nan ne ma sunan Dastagir ya manne masa, domin na yayan ne, aka haɗa shi da nasa a takardu. Bai iya Turanci ba a lokacin, saboda haka haddace kalaman fim ɗin ya riƙa yi kamar yadda ake faɗa masa.

Elephant Boy ya fito a 1937, ya kuma samo wa Flaherty da Zoltan Korda kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Venice. Masu sharhi sun yi saɓani a kan fim ɗin, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan yaron. Korda ya sanya shi a kwantiragi, ya kuma sa shi makaranta a Ingila.

A hidimar daular Ingila

Korda na daga cikin masu shirya fina-finan da ke ƙawata mulkin mallaka. A 1935 ya fitar da Sanders of the River, wanda aka gina labarinsa a kan wani jami'in mulkin Ingila a Najeriya. Fitaccen mawaƙin nan baƙar fata ɗan Amurka, Paul Robeson, ya fito a ciki a matsayin basarake, amma da ya ga yadda aka tace fim ɗin ya koma yabon Turawan mulki sai ya nesanta kansa da shi. A 1939 kuma Korda ya fitar da The Four Feathers a kan yaƙin Ingila da mabiya Mahadi a Sudan.

Tsakanin waɗannan biyu ne aka yi The Drum a 1938, fim na biyu na Sabu kuma na farko da ya yi mai kala. Ya fito a matsayin Yarima Azim na wata ƙirƙirarriyar masarauta a kan iyakar arewa maso yammacin Indiya, wanda baffansa ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarauta. Yariman ya ƙulla abota da sojojin Ingila, har ya yi ƙoƙarin ankarar da su wata maƙarƙashiya da baffan ya shirya musu. Mugun baffan kuwa Raymond Massey ne, Baturen Kanada, aka shafa masa kwalliya mai duhu aka naɗa masa rawani.

A Ingila fim ɗin ya samu kasuwa. A Indiya kuwa zanga-zanga ya haddasa a biranen Bombay da Madras, inda jama'a suka ɗauke shi a matsayin farfagandar mulkin mallaka da cin fuska ga Musulmin kan iyaka. Saƙon fim ɗin a fili yake: Ba'indiyen kirki shi ne mai biyayya ga Ingila, mai neman korarta kuwa azzalumi ne. Sabu yana ɗan shekara 14, ba shi da ta cewa a kan labarin, amma fuskarsa aka yi amfani da ita wajen tallata shi.

Ɓarawon Bagadaza

Fim ɗin da ya fi ɗaukaka sunan Sabu shi ne The Thief of Bagdad na 1940, wanda aka tsamo ruhinsa daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya. An fara ɗaukarsa a Ingila, ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu ta sa Korda ya kwashe aikin zuwa Amurka, inda aka ɗauki wasu sassa a kwazazzabon Grand Canyon. Ta haka Sabu ya isa Hollywood, kuma can ya ci gaba da zama har ƙarshen rayuwarsa.

Ya fito a matsayin Abu, ƙaramin ɓarawon kasuwa da ya haɗu da hamɓararren sarki Ahmad a kurkuku. Mugun waziri Jaffar ya makantar da Ahmad, ya mayar da Abu kare. Daga baya Abu ya tsinci kwalba a bakin teku, wani ƙaton aljani ya fito daga ciki yana shirin hallaka shi, yaron ya yi masa wayo ya mayar da shi cikin kwalbar har sai da ya yi alkawarin biya masa buƙatu uku. Abu ne ya sato idon nan mai ganin komai daga wani ɗakin bauta, shi ne ya hau darduma mai tashi sama ya ceci Ahmad daga hannun hauni, shi ne kuma ya harbe Jaffar da kibiya. Fim ɗin ya lashe kyautar Oscar uku, ta ɗaukar hoto mai kala da ta tsara dandali da ta siddabarun hoto.

Sai dai akwai abin lura a yadda aka raba matsayi. A fim ɗin farko mai wannan suna, wanda Douglas Fairbanks ya yi a 1924, ɓarawon da masoyin gimbiya mutum ɗaya ne. A na 1940 an raba shi gida biyu. Sata da tsalle-tsalle da kasada aka ba Sabu, sarauta da soyayya da auren gimbiya kuwa aka ba John Justin, Baturen Ingila. Gimbiyar Basra June Duprez ce, ita ma Baturiyar Ingila. Wazirin Conrad Veidt ne, Bajamushe. Aljanin kuwa aka ba Rex Ingram, ƙwararren ɗan wasa baƙar fata daga Amurka. A birnin Bagadaza na fim, masu mulki da masoya duk Turawa ne, ɓarawo da aljani kaɗai ne ba Turawa ba.

Wannan rabo ya dace da tsarin zamanin. Dokar tace fina-finai da kamfanonin Hollywood suka ɗora wa kansu, wadda aka fi sani da Hays Code, ta fara aiki gadan-gadan a 1934, kuma ta hana nuna soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata. A aikace kamfanoni sun faɗaɗa hanin ya shafi 'yan Asiya. Shi ya sa Anna May Wong, Ba'amurkiya 'yar asalin Sin, ta rasa babban matsayi a The Good Earth na 1937, aka ba Luise Rainer, Bajamushiya, ta fito a matsayin Basiniya har ta ci Oscar. Lokacin da kamfanin RKO ya nemi Sabu domin fim ɗin Gunga Din na 1939, Korda ya ƙi ba da aronsa, sai aka ba Sam Jaffe, Ba'amurke mai kusan shekara 50, aka rina masa jiki.

Akwai kuma misali a cikin gidan Korda kansa. Jaruma Merle Oberon, wadda ya aura a 1939, haifaffiyar Bombay ce kuma tana da jinin kudancin Asiya ta wajen uwa. Ta ɓoye asalinta tsawon rayuwarta, tana cewa a tsibirin Tasmania na Ostireliya aka haife ta. Da wannan ɓoyo ta samu fitowa a matsayin masoyiyar Laurence Olivier a Wuthering Heights. Sabu ba shi da halin ɓoye nasa, domin asalin nasa shi ne hajar da ake sayarwa.

A 1942 ya fito a matsayin Mowgli, yaron da kerketai suka raina, a Jungle Book. An ɗauki fim ɗin a Kalifoniya, kuma kusan duk mutanen ƙauyen Indiya da ke da baki a labarin, har da mahaifiyar Mowgli, Turawa ne da aka yi wa kwalliya. Wannan ne aikinsa na ƙarshe da 'yan'uwan Korda.

Kala, rawa da shirme a Universal

Daga nan Sabu ya koma kamfanin Universal, wanda ya gano cewa a tsakiyar yaƙi jama'a na neman abin da zai ɗauke musu hankali na awa ɗaya da rabi. Kamfanin ya haɗa shi da Jon Hall da Maria Montez, 'yar Jamhuriyar Dominika, suka yi fina-finai uku a jere: Arabian Nights a 1942, White Savage a 1943, da Cobra Woman a 1944. Fina-finai ne masu kala mai ɗaukar ido, da fadojin katako da aka gina a bayan situdiyo, da tufafi masu ƙyalƙyali, da labarin da bai damu da hankali ko tarihi ba. Irin su ne masu kallo na baya suka riƙa so saboda wuce gona da irin da ke cikinsu, suna dariya a wuraren da ba a shirya don dariya ba.

A Arabian Nights, Jon Hall ne Halifa Haruna Rashid, Montez ce Shaharzad, wadda aka mayar 'yar rawa. Aladdin da Sinbad sun koma tsofaffin 'yan barkwanci, ɗaya na ta goga fitilu yana neman tasa da ta ɓata, ɗayan na ta ba da labarin tafiye-tafiyen da babu mai son ji. Sabu kuwa shi ne Ali Ben Ali, ɗan wasan tsalle-tsalle da ya gane halifan ya ɓoye shi, ya kuma yi ta kai-kawo har masoyan biyu suka haɗu. A White Savage an mayar da shi ɗan wani tsibiri a tekun Pasifik mai suna Orano, aikinsa shi ne dai haɗa jarumi da gimbiya.

Cobra Woman, wanda Robert Siodmak ya ba da umarni, shi ne ya fi shahara a cikinsu. Montez ta fito a matsayin tagwaye, ɗaya ta kirki da aka sace ana gab da ɗaura mata aure, ɗayar kuma muguwar shugabar masu bautar maciji, wadda ke tsayawa tana rawa a gaban kumurci tana nuna waɗanda za a jefa cikin dutse mai aman wuta. Sabu ne Kado, ɗan rakiyar jarumi, tare da wani biri. An sa masa gurɓataccen Turanci a baki, alhali a lokacin ya yi shekaru yana zaune tsakanin Ingila da Amurka.

A waɗannan fina-finai sunan Sabu na cikin manyan sunaye uku da ake bugawa a fosta, kuma yawancin kuzarin da ke cikinsu daga gare shi yake. Amma wanda ya kasance ginshiƙin labari a hannun Korda ya koma na uku, mai riƙe wa jarumi doki. Ga kamfanin, Ba'indiye da Balarabe da ɗan tsibirin Pasifik duk abu ɗaya ne, fuska guda ta isa ta wakilce su. Da Sabu ya tafi aikin soja, matsayin da aka tanadar masa a Ali Baba and the Forty Thieves sai aka miƙa wa Turhan Bey, haifaffen Vienna mai uba Baturke, ba tare da wani ya ga bambanci ba.

Soja a sararin Pasifik

A 1944 Sabu ya zama ɗan ƙasar Amurka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin tun 1923 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Bhagat Singh Thind, ta yanke hukuncin cewa Indiyawa ba su cancanci a ba su takardar zama 'yan ƙasa ba. Sai a 1946 dokar Luce-Celler ta ɗage wannan hani, ko da yake a lokacin yaƙi an sassauta wa baƙin da ke aikin soja.

Ya yi aiki a rundunar saman sojojin Amurka a matsayin mai harba bindiga a jirgin B-24 Liberator mai jefa bama-bamai. Wurin zamansa a wutsiyar jirgi ko a ƙarƙashinsa na daga cikin mafi haɗari, kuma ana zaɓar masu ƙaramin jiki irinsa saboda ƙuncin wurin. Ya yi tashi da dama a fagen yaƙin Pasifik, aka kuma ba shi lambar yabo ta Distinguished Flying Cross. Ya dawo gida yana ɗan shekara 21, tsohon soja mai lambar girma, yana sa ran masana'antar za ta dube shi da sabon ido.

Bayan yaƙi

Abin da ya tarar daban ne. Universal ta sa shi a Tangier na 1946 tare da Montez, a wani ƙaramin matsayi. Dama mafi kyau ta zo masa daga Ingila, inda Michael Powell, ɗaya daga cikin daraktocin The Thief of Bagdad, da abokin aikinsa Emeric Pressburger suka gayyace shi Black Narcissus na 1947. Ya fito a matsayin matashin janar, ɗan sarauta mai son ado da turare, wanda ya zo neman ilimi a wurin wasu mata masu zaman zuhudu na Kirista a tsaunukan Himalaya. Fim ne mai nauyi da ya ci Oscar biyu, kuma Sabu ya nuna zai iya wasa mai natsuwa ba tare da giwa ko darduma ba. Ko a nan ma, budurwar Ba'indiya da ta ja hankalinsa Jean Simmons ce, Baturiyar Ingila, aka shafa mata kwalliya mai duhu.

A wannan shekara kamfanin Powell da Pressburger ya ba shi jagorancin The End of the River, inda ya fito a matsayin Manoel, ɗan asalin dajin Birazil da rayuwar birni ta jefa cikin masifa. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Ya koma Amurka ya yi Man-Eater of Kumaon a 1948 da Song of India a 1949, dukansu labaran daji da damisa. A wurin ɗaukar na biyun ne ya haɗu da 'yar wasa Marilyn Cooper, suka yi aure a watan Oktoban 1948, kuma suna tare har mutuwa ta raba.

Zamanin fina-finan araha

Shekarun 1950 sun zo da sauyi. Indiya ta samu 'yancin kai a 1947, fina-finan yabon daular Ingila suka fara zama abin kunya, talabijin kuma ta fara janye jama'a daga gidajen silima. Manyan kamfanoni suka rage yin irin fina-finan da aka san Sabu da su, ƙananan kamfanoni masu ɗaukar fim cikin 'yan kwanaki suka gaje su. Su kuma sunansa kawai suke buƙata a fosta.

A Savage Drums na 1951 ya sake zama ɗan tsibirin Pasifik. A Jaguar na 1956 ya zama ɗan dajin Kudancin Amurka. Jungle Hell, wanda aka harhaɗa daga shirin talabijin da bai samu karɓuwa ba, an cike giɓinsa da tsofaffin hotunan giwaye. Tsakanin waɗannan ya je Italiya, inda ya fito tare da Vittorio De Sica a wani fim na barkwanci na 1952 da aka sani da Hello Elephant, labarin wani talakan malamin makaranta a birnin Rum da wani basaraken Indiya ya aiko wa kyautar ɗan giwa. A farkon shekarun nan har wasan giwaye ya yi a dandalin Harringay da ke Landan, sanye da rawani, a gaban 'yan kallo.

Sabu and the Magic Ring na 1957 ya tattara duk abin da ya same shi a wuri guda. An ɗinka fim ɗin ne daga wani shirin talabijin da aka yi na gwaji ba a saya ba, kuma tsawonsa bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Sabu, mai shekara 33 da iyali, ya fito a matsayin yaron bargar halifa da ya tsinci zoben tsafi mai kiran aljani. Aljanin kuwa William Marshall ne, baƙar fata ɗan Amurka mai kakkaurar murya, wanda daga baya ya yi suna da wasan Othello na Shakespeare a dandamali. Bayan shekara 17 da The Thief of Bagdad, rabon bai sauya ba, Ba'indiye yaro, baƙar fata aljani. Kuɗin da ake kashewa ne kawai ya ragu.

Ba za a ce waɗannan fina-finai ba su da wani amfani ba. A zamanin da manyan fina-finai ke cike da Turawa zalla, su ne kusan kaɗai wurin da ɗan wasa irin Sabu ko Marshall zai ga sunansa a sahun gaba, ya kuma samu abin ciyar da iyali. Amma sun ba da aikin ne bisa sharaɗin kada a fita daga da'irar da aka zana.

Ƙofar gida ma ta rufe

Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san Mother India na 1957 farin sani, domin yana cikin waɗanda aka fi maimaita kallonsu a gidajen silima na Arewa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, darakta Mehboob Khan ya so Sabu ne ya fito a matsayin Birju, ɗan nan mai taurin kai da ya zama ɗan fashi har mahaifiyarsa ta harbe shi da hannunta. Matsalar takardar izinin aiki ta hana, domin a idon doka Sabu Ba'amurke ne. Matsayin ya koma hannun Sunil Dutt, wanda ya yi suna da shi, ya kuma auri jarumar fim ɗin Nargis. Su ne iyayen Sanjay Dutt.

Birju shi ne irin matsayin da Sabu ya daɗe yana nema, cikakken namiji mai fushi da ƙauna da laifi, wanda labari ke juyawa a kansa. Mother India ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya shiga takarar Oscar a rukunin fina-finan harsunan waje. Sabu kuwa har ya rasu bai taɓa fitowa a fim ɗin masana'antar ƙasar haihuwarsa ba. A Amurka ana kallonsa Ba'indiye, a Indiya ana lissafa shi baƙo.

Ƙarshen tafiya

Sabu bai dogara da fim kaɗai ba. Ya zuba jari a harkar gidaje da filaye, ya kuma yi kasuwanci tare da yayansa. A 1960 aka sanya sunansa a jerin taurarin da ke kan titin Hollywood Walk of Fame, Ba'indiye na farko da ya samu wannan karramawa. A cikin wannan shekara kuma aka harbe yayansa Shaik a wani fashi da aka yi a kantinsa na kayan ɗaki, mutumin da ya rako shi daga Mysore ya kuma tsaya masa a matsayin uba.

A 1963 ya fito a Rampage tare da Robert Mitchum a matsayin mai bin sawun namun daji, sannan ya yi A Tiger Walks na kamfanin Disney a matsayin mai horar da damisa. A karon farko ana ba shi matsayin dattijon mutum, ko da yake har yanzu a gefen dabbobi. Bai ga fitowar na biyun ba, domin sai a 1964 aka sake shi, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. An binne shi a maƙabartar Forest Lawn da ke Hollywood Hills. Ɗansa Paul Sabu ya zama mawaƙi.

Tasirinsa bai tafi da shi ba. Fim ɗin zane na Aladdin da Disney ta fitar a 1992 ya ari abubuwa da dama daga The Thief of Bagdad, ciki har da mugun waziri Jafar da sunan Abu, wanda a wannan karo aka laƙaba wa biri. Matsalar da ya fuskanta ma ta daɗe bayansa. Ke Huy Quan, wanda ya fito yana yaro a matsayin ɗan rakiyar jarumi a Indiana Jones and the Temple of Doom na 1984, fim ɗin da Amrish Puri ya fito a matsayin bos, ya bar wasa na kusan shekara 20 saboda rashin matsayi ga 'yan Asiya, kafin ya dawo ya ci Oscar a 2023. Mena Massoud, haifaffen Masar da ya fito a matsayin Aladdin a 2019, ya koka bayan 'yan watanni cewa duk da fim ɗin ya tara sama da dala biliyan ɗaya, ba a gayyace shi gwajin wani sabon aiki ba.

Quan ya samu damar dawowa yana da shekara 50 da ɗoriya. Sabu bai kai 40 ba. A ƙarshen The Thief of Bagdad, Sarki Ahmad ya sanar da jama'a cewa za a sa Abu makaranta a shirya shi ya zama waziri, yaron ya sulale ya hau dardumarsa ya tashi sama, masu kallo suna dariya. Shekara 23 suka rage masa a duniya bayan wannan fitowa, kuma a tsawonsu babu wani furodusa a Hollywood da ya ba shi kujerar wazirin.